Kunshin kayan gina tsauni na ƙaramin jirgin ƙasa: abin da ya iya da abin da ya kasa a gaban duwatsun Zamfara

Kunshin da wannan sharhi ya shafa yana daga cikin waɗanda ake sayarwa a intanet ga masu sha'awar shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan teburi, kuma ya iso Gusau a cikin kwali wanda babu sunan kamfani a jikinsa, sai hoton wani tsauni mai tsini da jirgi yana fitowa daga cikinsa. A ciki akwai mazubai huɗu na roba waɗanda ake zuba kwaɓaɓɓen garin POP, wato farin garin da ake yin silin da shi, a cikinsu domin a fitar da siffar dutse, da naɗi biyu na bandeji mai gari irin wanda ake ɗaure karaya da shi a asibiti, da leda ɗaya ta garin kansa, da ƙananan kwalabe na launi, da koren gari da ke tsayawa a madadin ciyawa, da 'yan itatuwa, da ƙofar ramin jirgi guda ɗaya. Hukuncina a taƙaice shi ne cewa kayan suna da kyau a aikin da aka yi su dominsa, amma an yi su ne domin duwatsun wata ƙasa, kuma duk wanda yake son ya ga dutsen garinsu a kan teburinsa zai tarar cewa kusan rabin kunshin ba nasa ba ne.

Tun da wannan sha'awa ba ta yaɗu a wajenmu ba, ya kamata a fara da ma'auni, domin a kansa komai ya rataya. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage kowane abu sau 87, kuma faɗin da ke tsakanin ƙarafan titin yake zama milimita 16.5. Mutum mai tsawon mita 1.7 yana komawa kimanin santimita biyu a wannan ma'auni. Akwai kuma ma'aunin N, wanda yake rage abu sau 160 a kan titi mai faɗin milimita 9, kuma shi ya fi dacewa da mai ƙaramin ɗaki. A birnin Hambug na ƙasar Jamus akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, inda aka gina tsaunukan Suwizalan a ma'aunin HO har suka ratsa daga wani bene zuwa wani, kuma hotunan wurin ne suke jawo mutane da yawa zuwa ga wannan aiki. Sai dai lissafi ba ya sassautawa kowa: dutse mai tsawon mita 100 kacal yana bukatar mita 1.15 a ma'aunin HO, mai mita 300 kuwa ya haura mita uku, wato ya wuce silin ɗakunanmu. Saboda haka babu mai gina tsauni da cikakken girmansa, sai dai a taƙaita shi da dabara ta yadda ido zai yarda da shi, kuma kunshin kaya yana da amfani ne gwargwadon yadda ya taimaka wajen wannan yaudarar ido.

Abin da nake ginawa ɗan yanki ne na layin da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, layin da gyaɗa da auduga suka riƙa bi zuwa kudu shekara da shekaru. A bayan tashar nake son dutse irin na Kwatarkwashi, wanda duk mai shigowa Gusau ta hanyar Tsafe yake gani tsaye a gefen hanya. Akwai wani abin lura ga mai son daidaito: tsohon layin Najeriya yana da faɗin milimita 1,067, ba 1,435 ba kamar sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, don haka titin da ya dace da jirgin Ƙaura a ma'aunin HO shi ne mai faɗin milimita 12. Samun irinsa a nan yana da wuya, shi ya sa na yi amfani da titin HO na yau da kullum, kuma wannan bai shafi aikin dutsen ba.

Mazuban roba su ne zuciyar kunshin, kuma ta fuskar ƙira ba ni da abin da zan soke su da shi. Robar tana da kauri daidai, tana lanƙwasuwa ba tare da ta yage ba, kuma an ɗauki zanen cikinta ne daga dutse na gaske, domin har ƙananan tsage-tsagen da farce ba zai shiga ba suna fitowa a jikin abin da aka zuba. Idan aka fesa wa mazubin ruwa da aka ɗiga wa ɗan sabulu kafin a zuba kwaɓin, kumfar iska ba ta maƙalewa a lungunansa, kuma idan aka ɗan bubbuga shi a kan teburi sauran kumfar tana tasowa sama. Bayan kamar rabin sa'a, lokacin da ɗumin da POP yake fitarwa yayin daskarewa ya fara sauka, sai a kama gefen robar a ɓare ta a hankali, dutse ya fito fari fat da kowace gaɓa tasa a sarari. Akwai dabara ta biyu da ta fi wannan kyau, ita ce a ɗora mazubin a jikin tsaunin tun kwaɓin yana da taushi, a danne shi da tafin hannu har ya kama, ta yadda dutsen zai bi lanƙwasar gangaren maimakon ya zauna a kai kamar abin da aka liƙa.

Matsalar tana fitowa ne a lokacin da mutum ya jera abin da ya zuba ya dube shi da idon ɗan Zamfara. Uku daga cikin mazuban huɗu suna fitar da dutse mai hawa-hawa, shimfiɗa a kan shimfiɗa, mai kaifin baki da tsini, wato irin dutsen da ya taru daga laka da yashi a ƙarƙashin ruwa, daga baya ƙanƙara da tsananin sanyi suka farfasa shi. Duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe ba haka suke ba. Su dunƙulallen dutse ne da ya daskare daga narkakken dutse a can cikin ƙasa tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru, ƙasar da ta rufe shi ta zaizaye, ya bayyana shi kaɗai a tsakiyar fili kamar ƙwarya a kife. Ba shi da layi-layi a jikinsa, kafaɗunsa a zagaye suke, kuma yadda yake tsufa shi ne ya riƙa sakin faffaɗan ɓawo daga samansa, ɓawon ya karye ya gangaro, ya taru a gindi a matsayin manyan duwatsu masu mulmulallen gefe, wasu a ɗore a kan wasu ta yadda mai kallo zai rantse iska za ta tura su. Wanda ya lulluɓe tsauninsa da abin da waɗannan mazubai suka fitar zai samu dutse mai kyau, amma babu direban da ya saba bin hanyar Funtuwa da zai gane shi. Wannan ba aibin ƙira ba ne, kuma ba zan ce mai sayarwa ya yi ƙarya ba, tun da hoton da ke jikin kwalin ya nuna ainihin abin da ke ciki. Amma sharhin da bai faɗi wannan ba ya ɓoye wa mai saye abu mafi muhimmanci.

Inda mazuban suka yi mini amfani shi ne a ƙasa, kusa da titin jirgi. Duk inda aka yanka dutse domin hanya ta wuce, ko aka fasa shi da nakiya a wurin haƙar tsakuwa, fuskar da ta rage tana da kaifi da karye-karye ko da dutsen asalinsa mulmulalle ne, kuma a nan mazubi na huɗu, wanda ba shi da layi-layi, ya zauna daram. Sauran ukun ma ba su tafi a banza ba, domin idan aka farfasa abin da suka fitar aka goge gefunan da takardar yashi, ana samun tarin duwatsun gindin tsauni da suka fi waɗanda za a sassaƙa da hannu. Jikin dutsen kansa kuwa da hannu na yi shi: na shafe shi da POP da jiƙaƙƙen tafi har ya yi sumul, na daddanna soso a kai kafin ya bushe domin ya yi ɗan kaushi, sannan na ja dogayen tsage biyu ko uku da bakin wuƙa, masu lanƙwasa tare da kafaɗar dutsen, na ɗan ɗaga leɓen kowace domin ta nuna ɓawon da ke shirin saki. Jarabar da ya kamata a guje wa ita ce yawan zane, domin kwarjinin irin wannan dutse yana cikin faɗin falalensa da babu komai a kai.

Bandejin mai gari yana aiki yadda ya kamata, amma ya yi kaɗan ƙwarai, domin naɗi biyun ba su rufe ko rabin tsaunin da bai kai mita ɗaya a faɗi ba. Ana fara ƙwarangwal ɗin tsaunin ne da zirin kwali da aka saƙa, ko ragar waya, ko farin soson da ake kare firji da talabijin da shi a cikin kwali, sannan a yanka bandejin gunduwa-gunduwa, a tsoma a ruwa na ɗan lokaci, a shimfiɗa kowane yanki yana hawa rabin na kusa da shi, a shafa da yatsa har ramukan saƙar su toshe. Da nawa ya ƙare, sai na sayi bandejin karaya a shagon kayan asibiti a cikin gari, kuma ban ga wani bambanci ba face cewa na asibitin ya fi saurin kamawa. A nan akwai abubuwa biyu da takardar bayanin kunshin ba ta san da su ba, domin ba a rubuta ta don ƙasarmu ba. Na farko shi ne hunturu: busasshiyar iskar Disamba da Janairu tana zuƙe ruwan siririn shafi kafin garin ya gama haɗuwa da shi, sai ya bushe bai yi ƙarfi ba, ya riƙa zuba idan an taɓa shi. Maganinsa shi ne a jiƙa wurin da za a shafa tukuna, a rufe tagogi, a kuma lulluɓe aikin da leda na ɗan lokaci. Na biyu shi ne gara, wadda kwali da jarida da katako mara magani suke gayyata, musamman idan teburin ya jingina da bango a damina. Saboda ita ne na zaɓi farin soso a kan kwali, tare da kiyaye cewa gam mai warin fetur irin na masu gyaran takalma yana narkar da soson nan take, sai dai farin gam na kafintoci.

Garin da ya zo a leda shi ne abin da ya fi ba ni haushi a kunshin, ba don ba shi da kyau ba, sai don nauyinsa ne ya ɗaga kuɗin jigila, alhali irinsa yana nan jibge a shagunan kayan gini na Gusau, inda masu yin silin suke saye buhu-buhu. Na kai ɗan kaɗan wurin wani mai aikin silin da na saba da shi domin ya gwada, ya murza shi a tsakanin yatsunsa, ya kwaɓa shi gefe da gefe da nasa, sannan ya nuna mini cewa na ledar ya ɗan fi laushi da sauƙin nauyi, amma ba bambancin da zai sa a ɗauko shi daga wata ƙasa ba. A wurinsa na ga ƙa'idojin da takardar bayani ta tsallake: ana barbaɗa gari ne a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan gari, ana kwaɓa abin da za a iya gamawa da shi a cikin minti goma kawai, kuma dole a wanke kwano tas bayan kowane kwaɓi, domin busasshen ɓurɓushin da ya rage yana sa sabon kwaɓi ya daskare tun ba a kai shi wurin aiki ba. Ruwan randa mai sanyi yana ƙara wa mutum lokaci, ruwan da ya kwana a tanki cikin zafin bazara kuwa yana rage shi. Kaurin da ake so shi ne wanda zai gangaro daga cokali a hankali ba tare da ya yanke ba. Ragowar kwaɓi kuma ba a zuba ta a magudanar ruwa, domin tana daskarewa ko a cikin ruwa ta toshe bututu.

Kwalaben launi su ne suka fi komai daraja a kunshin, kuma su ne dalilin da ya sa ban yi nadamar sayensa ba. Launuka ne na ƙasa, rawaya mai duhu, da ruwan ƙasa, da toka-toka, da baƙi, waɗanda ake tsinkawa da ruwa mai yawa har su zama kamar babu komai a ciki. Ba a shafa su yadda ake fentin bango. Ana ɗiga rawaya nan da can a kan farin POP, a bar gurabe, a ɗiga ruwan ƙasa a wasu guraben, sannan a wanke gaba ɗaya da siririn baƙi wanda zai gangara ya kwanta a cikin kowace tsaga ya fito da ita. POP yana shan launin ya riƙe shi a ciki, shi ya sa ba ya ƙyalli. A kan dutse irin namu akwai mataki ɗaya da ya fi sauran muhimmanci, wato baƙaƙen zirin da ruwan sama yake bari a jikin falale daga sama zuwa ƙasa. Na tsoma siririn buroshi a baƙin da ya ɗan fi kauri, na taɓa shi a kafaɗar dutsen, na fesa ruwa kaɗan a sama da wurin, na bar ɗigon ya nemi hanyarsa da kansa. Ya gangaro, ya rabu biyu a inda ya ci karo da tsaga, ya sake haɗuwa a ƙasa, kuma a daidai wannan lokaci ne farin tulin da ke kan teburi ya fara kama da abin da ake gani daga tagar mota. Gargaɗi ɗaya shi ne cewa duk inda gam ya taɓa fuskar POP launi ba ya shiga, sai wurin ya tsaya fari, saboda haka a gama launi kafin a kawo gam kusa, kuma a haɗa dutse da dutse da kwaɓin POP maimakon gam.

Ciyawa da itatuwan kunshin ba su bukatar dogon bayani. Koren ya yi haske fiye da kima, launi ɗaya ne tak daga farko har ƙarshe, kuma ko a tsakiyar Agusta dajinmu ba ya yin kore iri ɗaya haka. Itatuwan masu tsini ne irin na ƙasashen sanyi, kuma na mayar da su cikin kwali. Mai gina yankinmu dole ya fara yanke shawarar lokacin da yake nunawa, damina ko rani, domin ƙasa ɗaya ce mai fuska biyu. Na zaɓi bayan kaka, lokacin da ciyawa ta koma ruwan zuma, kuma na same ta daga zaren igiyar buhu da aka yayyanka da garin katako da aka rina. Kuka tana fitowa da kyau daga murɗaɗɗiyar wayar lantarki da aka shafe gangar jikinta da POP, tun da a rani ba ta da ganye, gawo kuwa shi ne yake ɗauke da ganye a wannan lokaci ya zubar da shi a damina, kuma manomi zai lura idan aka juya wannan. Itatuwan da ke can saman dutse a yi su ƙanana fiye da na gindi, domin hakan yana sa tsaunin ya yi wa ido nisa da tsawo.

Ƙasar da za a barbaɗa a gindin dutse babu wadda ta kai ta gaske, a tankaɗe ta da rariya mai laushi, a shanya ta ta bushe sarai, a kuma bi ta da maganaɗisu domin a cire ɓurɓushin ƙarfe, wanda injin ƙaramin jirgin zai jawo zuwa cikinsa ya lalace. Amma a Zamfara wajibi ne a san inda aka ɗebo ta. Ba a manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙasa ko tsakuwar da ta fito daga wurin haƙar ma'adinai ko wurin niƙa shi ba abin shigarwa ɗaki ba ce, komai kyan launinta, balle a aikin da yara suke zagayewa suna taɓawa.

Ƙofar ramin jirgi an yi ta da kyau, da zanen tubalin dutse mai tsafta, kuma faɗinta ya ishi tarago ya wuce ko a kan kwana. Ban yi amfani da ita a gaba ba, domin jirgin da muka sani a wannan yanki yana kewaye dutse ne a kan shimfiɗaɗɗen fili, amma na ɓoye ta a bayan tsaunin inda titi yake zagayawa ya dawo. Duk wanda zai bi da jirgi ta cikin tsauni ya bar ƙofa a baya wadda hannu zai shiga, domin tarago ya fi son sauka daga titi a inda ba a iya kai masa. Haka kuma wanda yake son titi ya hau gangare ya tuna cewa hawan santimita biyu a kowace mita shi ne abin da ƙananan injina suke ja ba tare da wahala ba, kuma kafin wani titi ya haye saman wani a ma'aunin HO ana bukatar tazarar kusan santimita tara, wato fiye da mita huɗu na titi. Takardar bayanin ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba; shafi ɗaya ce mai hotuna shida da Turancin da na'ura ta fassara.

Ta fuskar ciniki, kayan sun iso ba tare da wani abu ya fashe ba, an naɗe kwalaben launin da kyau, kuma mai sayarwar ya amsa tambayata a kan girman mazuban kafin in biya, ko da yake kuɗin jigila ya kusa kamo kuɗin kayan. Wanda yake son gina tsaunukan Turai ko na Amurka, kuma bai taɓa kwaɓa POP ba, zai samu mafari mai kyau a wannan kunshi, muddin ya tanadi ƙarin bandeji. Malamin makarantar da yake son ɗalibansa su gina taswirar ƙasa mai tudu da kwari, ko mai sha'awar da yake son Kwatarkwashi ko duwatsun Tsafe a bayan tasharsa, gara ya nemi kwalaben launi da mazubi ɗaya mara layi-layi a sayar masa daban, ya sayi gari a shagon kayan gini, bandeji a shagon kayan asibiti, farin soso kuma ya roƙa a wurin masu sayar da firji, waɗanda galibi zubar da shi suke yi. Kafin ya kwaɓa komai, ya ɗauki hotunan dutsen da yake nufi da safe da kuma bayan la'asar, domin hasken tsakar rana yana shafe tsage-tsage da zirin ruwan da zai bukaci ya kwaikwaya.